Yadda ake gano sikel ɗin tsohuwar katafila ko tifar wasa mai jikin ƙarfe

Duk wanda ya fara tara 'yan motocin nan na ƙarfe, irin su katafila da gireda da tifa da rola, akwai ranar da zai jera su a kan kanta ya ja da baya ya kalla sai yaga abun bai yi ba, tifa ta fi katafilar da ya kamata ace tana mata lodi girma har sau biyu, rola kuma kamar ɗan tsako a gefen su. Toh matsalar sikel ce. Ba sikelin awon nama ko na masu gwal nake nufi ba fa, sikel anan shine sau nawa aka rage girman injin na gaske kafin aka samu ɗan ƙaramin. In kaga 1:50 ma'anarsa duk milimita 1 a jikin abun wasan daidai take da milimita 50 a jikin na gasken, wato injin mai tsawon mita 6 zai dawo santimita 12 kenan. Kuma lambar bayan nan in tana girma abun wasan ƙanƙancewa yake, 1:87 ya fi 1:50 ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wannan yana rikita mutane sosai da farko.

Lissafin kansa raba lamba ɗaya ce da wata, yaro ɗan firamare zai yi shi. Inda aikin yake shine sanin me zaka auna, da kuma wane injin zaka kwatanta da shi.

Kayan aikin ba yawa. Rula ta ƙarfe mai milimita, in da hali kalifa irin ta makanikai da masu juya ƙarfe, ta roba mai araha ma ta isa, sai kalkuletan waya, tocila, tsohon buroshin haƙori, ɗan maganaɗisu ko da na tsohuwar sifika ne, da biro da takarda. Kar ka raina takardar nan, awo uku huɗu zaka yi kuma sai sun cakuɗe maka a kai.

Ka fara da maganaɗisun. Ɗora shi a jikin bodin, in ya kama gam toh wannan falan ƙarfe ne aka lanƙwasa, irin manyan Tonka na Amurka da yara ke hawa su zauna a kai. Su waɗannan yawanci ba wani takamaiman injin aka kwaikwaya ba, kama kawai aka yi, dan haka neman sikel ɗinsu daidai wa daida wahalar banza ce, iyakaci kace kusan kaza. In kuma bai kama bodin ba sai dai gatarin taya ko farantin ƙasa, shine na zubi da muke magana, an narka tutiya da ɗan alminiyon da jan ƙarfe da magniziyom an ɗura a ma'ajin zubi da ƙarfin injin, ana ce wa haɗin Zamak. Kusan dai irin aikin masu zubin tukwane ne, sai dai nasu na masana'anta ne kuma ya fi fitar da ƙananan zane.

Daga nan sai ka kifa ta ka duba cikinta. Goge datti da buroshi a bushe, kar ka sa ruwa kar ka sa fetur, fentin tsohuwar mota da sitika basa son wasa. Haska tocila ta gefe ba ta sama ba, rubutun da ya shafe yafi fitowa in haske ya kwanta. Wasu kamfanonin sun hutar da kai, Tomica ta Japan tana rubuta S=1/ sai lambar ta biyo, Majorette ta Faransa kuma ECH 1/ kaza, su NZG da Conrad na Jamus yawanci zaka ga 1:50 ƙarara. A katafila da bata da faffaɗan ciki sai ka leƙa tsakanin sarƙoƙin, ko bayan wuƙar gaba, ko ƙasan bokiti, ko ƙarƙashin kwandon tifa in ka ɗaga shi. Amma a kula, ba duk lamba ce sikel ba. In kaga 965 a cikin Dinky lambar samfur ce, ta tifar Euclid kenan, No. 18 a cikin Matchbox ita ma lambar jeri ce ta katafila, ga lambar rajistar ƙira mai tsawo, ga shekara. Sikel yawanci yana zuwa da 1 a gaba sannan ɗigo biyu ko karan tsaye. Na taɓa ganin mai talla ya rubuta wai motarsa 1:18 ce alhali bata kai tsawon ɗan yatsa ba, ashe No. 18 ya gani ya ɗauka shine, kuma da gaskensa yake ba cuta ya nufa ba.

Ko ba sikel a rubuce, ka kwafe sunan kamfani da ƙasar da lambar, sabida su kaɗai suna rage maka rabin tafiya.

Bari in ɗan tsaya a kan kamfanonin, dan anan mutane ke ruɗewa. Dinky na kamfanin Meccano ne a Libaful, sun fara 1934 masana'antar ta rufe 1979, manyan nasu da ake kira Supertoys sun fito daga 1947, a cikinsu akwai katafilar Blaw Knox da kiren ɗin Coles da tifar Euclid ɗin nan, da yawansu wajajen 1:48 suke amma ba dukka ba. Corgi sun shigo 1956 daga Swansea, manyan nasu suma nan kusa suke yawo tsakanin 1:43 da 1:50. Siku na Jamus tsofaffin 1:60 ne daga baya suka koma 1:55. NZG an kafa shi 1968 a Nurembag, shi da Conrad da Joal na Sifen su ne suka sa 1:50 ya zama kamar doka a harkar injinan gini, dalili kuwa ba dan yara ake yin da yawansu ba, kamfanonin injinan na gaske ne ke sa a yi musu dan talla da kyautar kwastoma, toh kaga mai sayar da injin miliyoyi ba zai yarda a karkace masa siffa ba. In kaga Made in W. Germany a ciki ka san kafin haɗewar Jamus ta 1990 aka yi zubin ƙirar. Ertl na Amurka kuma sun fi yin 1:16 da 1:32 da 1:64.

Sai Matchbox, uwar rikici. Kamfanin Lesney ne a Landan ya fara su 1953, kuma abun mamaki lamba 1 ɗinsu ba motar hawa bace, rolar danne titi ce ta Aveling-Barford, lamba 2 ƙaramar dampa, lamba 3 injin kwaɓa siminti, kaga ashe da kayan gini aka buɗe shagon. Labarin da ake bayarwa shine Jack Odell ya ƙera wa 'yarsa ƙaramar rola ne sabida makarantarsu bata yarda azo da abun wasan da ya fi ƙarfin kwalin ashana ba. Toh daga nan dokarsu ta fito, girman kwali shine ma'auni ba girman injin ba. A ce kwali na ɗaukar abu mai tsawon milimita 70, motar hawa mai mita 4.5 in an matse ta ciki ta zama 1:64, ƙatuwar tifar kwari mai mita 10 in an matse ta cikin kwalin dai zata zama wajen 1:143, dukkansu kuma girmansu ɗaya a hannu. Ita kanta rolar lamba 1 an sake ƙera ta sau da dama kowanne yafi na baya girma lambar kuma bata canza ba. Manyan nasu na King Size da suka fara 1960, daga baya aka koma ce musu Super Kings, suma haka abun yake kowanne da nashi. Dan haka duk wanda yace maka ai Matchbox 1:64 ce, ka gaishe shi kawai ka ɗauko rula.

Mataki na gaba shine gano injin na gaske, kuma wallahi nan ne wahalar. Duba gefen bonet da bayan kujera da jikin hannun bokiti, sau da yawa sunan yana nan a zube a jikin ƙarfen, Caterpillar D8 ko D9, Euclid, Muir-Hill, Weatherill, JCB, Komatsu, Liebherr, Poclain. Mu dai komai mai sarƙa katafila muke ce masa ko da Komatsu ne, toh anan wannan ba zai yi ba sai ka san ainihin mai shi da lambarsa da kuma zamaninsa. D8 ta shekarun 1950 da D8 ta yanzu suna kawai suka haɗa, ta yanzu babban gilin da ke jan sarƙa a sama yake sarƙar ta yi kamar dala, ta da kuwa sarƙar a kwance take kuma ba rumfa, girman ma ba ɗaya ba. In ka ɗauki awon sabuwa ka raba da tsohuwar abun wasa amsar zata fito tsaf a kalkuleta amma ƙarya ce.

Ga misalin da ya taɓa cin ni. Tsohuwar D6 ta wajajen 1950 iri biyu ce, akwai 8U mai faɗin inci 60 tsakanin tsakiyar sarƙa da tsakiyar sarƙa, akwai 9U mai inci 74. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kenan 1524 da 1880. A ce ka auna taka ka samu 37.5, in ka raba da ta farko zaka samu kusan 41, in ka raba da ta biyu 50. Abu ɗaya amsa biyu, shiyasa awo ɗaya baya isa.

Awon na gaske kuma a takardun tallan kamfanin na da ake samunsa, mutane sun ɗora hotunansu da yawa a intanet, ka rubuta sunan injin da lambarsa da shekara a Google. Caterpillar na da littafinsu na Performance Handbook mai ɗauke da awon injinansu, akwai kuma shafin RitchieSpecs. In kana da sani da tsohon direban katafila ko makanikin manyan injina ka nuna masa, irin dattawan nan da suka yi aikin titi da dam kallo ɗaya zasu yi suce maka wannan ai kaza ce. In kuma ka ci sa'a akwai irinta a yashe a wani gareji, tafi da tef ka nemi izini ka auna da hannunka, babu takardar da ta kai wannan. Duk abunda ka samu maida shi milimita tun kafin ka fara, ƙafa ɗaya 304.8, mita ɗaya 1000.

Toh yanzu awon abun wasan. Kuskuren da kowa ke fara yi shine auna tsawo gaba ɗaya daga hanci zuwa wutsiya. A motar hawa wannan yana aiki, a injin gini baya yi, eskabeta hannunta miƙewa yake ya naɗe, kiren haka, peloda in bokitin na ƙasa tsawonta daban in an ɗaga daban, ita katafila takarda ɗaya ta baka tsawo da wuƙar gaba wata babu, wata ma harda farcen baya mai tsaga ƙasa. Sai ka nemi abunda baya motsi. A mai taya, daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. A mai sarƙa, faɗin tsakiyar sarƙa zuwa tsakiyar ɗayar, da kuma faɗinta gaba ɗaya. In sarƙar robar ta tsinke ta ɓace, wanda kusan kullum haka ake samun tsofaffi, ba komai ka auna a kan gilolin da take hawa. A gireda faɗin wuƙar tsakiya, a rola faɗin gangar, a tifa faɗin kwando da na kan direba. Dabarar samun tsakiya zuwa tsakiya ba tare da kintace ba, ka ɗora kalifa daga gaban gatarin farko zuwa gaban na biyu, in kaurin gatarin biyu ɗaya ne daidai yake da tsakiya zuwa tsakiya.

Ka zaɓi dogon abu fiye da gajere, ga dalili. Giredar Caterpillar No. 12 wuƙarta ƙafa 12 ce, milimita 3658. In taka 73 ce amsa 50, in hannunka ya goce ka karanta 72 ko 74 amsar zata zama 50.8 ko 49.4, har yanzu kana gida. Amma ɗauki rim na tayar peloda 17.5-25, lambar ƙarshen nan faɗin rim ne inci 25 wato milimita 635, a 1:50 zai zama 12.7 kacal, in ka karanta 12 ka tafi 53 in ka karanta 13 ka dawo 49, kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba ya kai ka wani gari. Taya ma dama ni ban cika yarda da ita ba, kamfanonin wasa taya iri ɗaya suke cusa wa motoci daban daban dan rage kashe kuɗi, kuma a kayan gwanjo ba mamaki wani ya riga ya canza ta.

Lissafin shine awon gaske a raba da awon abun wasa. Yi shi a wuri uku a ƙalla ka rubuta. In ka samu 49.6 da 50.3 da 51 toh 1:50 ce ba musu. In ka samu 47.5 da 48 da 48.6 ita kuma 1:48 ce, kar ka ja ta da ƙarfi zuwa 50, bambancin ya kai milimita 5 a injin mai mita 6, wato 125 da 120, kuma in ka jera su ido na gani. In biyu sun yi kusa ɗaya ya yi nisa kamar 49 da 50 da 41, ka yar da bare ɗin, galibi wurin an kumbura shi ne da gangan dan kar ya karye a hannun yaro, abubuwa irin su sitiyari da bututun hayaƙi da hannun bokiti da sandunan haidirolik kusan kullum sun fi ƙima kauri. In kuwa duk ukun kowa ya kama gabansa, ko dai ba injin ɗin ka kwatanta ba ko kuma mai ƙirar ne ya gajarce ta dan ta shiga kwali, sai ka koma ka sake tantance lambar.

Bayan nan ka duba amsarka kusa da wane sanannen sikel take, 16, 25, 32, 43, 48, 50, 55, 60, 64, 76, 87. Su 43 da 48 da 76 da 87 daga jiragen ƙasa na wasa aka gado su shiyasa lambobin suka zo a karkace haka. In taka ta faɗo a 69 ko 92 ko 115 kuma kamfanin irin masu bin kwali ne, toh haka take, ka rubuta kusan 1:92 ka barta, ba dole sai ta shiga layi ba.

Wani lokacin kuma ba suna ba lamba, ba kowa ya san injin ba, musamman na Hon Kon da ake kwaikwayon na wasu. Nan sai kintace mai hankali. Tifar da ke hawa titi faɗinta wajen mita 2.5 ne kusan ko'ina sabida doka ta ƙayyade, dan haka in faɗin taka 58 ne kana wajen 1:43, 50 kana 1:50, 39 kana 1:64, 29 kana 1:87. Wannan banda manyan tifofin kwari da na ma'adinai, su basu da iyaka. Na biyu mutum, mai tsawon mita 1.7 a 1:50 milimita 34 ne, a 1:87 kusan 20, a 1:64 kusan 27, a 1:32 kuma 53. Ni kwali nake yankawa daidai waɗannan tsawon in tsayar a gefen injin in ga wanne ne zai iya taka matakala ya shige ƙofa ya zauna kansa bai bugi rufi ba, abun kamar wasan yara amma yana raba gardama tsakanin 1:50 da 1:64 nan take. Kujera ma tana taimako, ta gaske bata wuce rabin mita a faɗi ba, kenan milimita 9 zuwa 10 a 1:50. Ɗan direban da aka dasa a ciki dai kar ka dogara da shi, sau da yawa guntu ne ko an yanke masa ƙafa dan ya samu wuri.

In a hoto zaka saya kuma mai kayan yana nesa, kace ya ɗora ta kusa da rula, in bashi da ita ya ajiye wani kati mai girman na ATM a kife, tsawonsa milimita 85.6 ne duk duniya, ko batirin AA mai kusan 50. Ya ɗauki hoton daga sama sak, ya ɗan ja baya yayi zum, katin kuma ya kasance tsayi ɗaya da wurin da zaka auna dan abunda yafi kusa da kyamara yafi girma. Sai ka auna a fuskar wayarka, a ce katin ya fito 60 wuƙar gireda ta fito 51, raba 51 da 60 ka ninka da 85.6 zai baka kusan 73, mun dawo 1:50 ɗinmu kenan. In yace maka tsawonta kamar tafin hannu ne kawai, kace a'a malam hoton dai.

Abu ɗaya da zaka lura kafin ka matse kalifa a jikin tsohuwar mota, in kaga ƙarfen ya yi tsage tsage kamar busasshen tabki ko ya kumbura ya karkace, wannan ciwon tutiya ne, yana kama waɗanda dalma ko wani datti ya shiga haɗinsu wajen zubi, an fi ganinsa a na shekarun 1930 zuwa farkon 1950. Ƙarfen ƙaruwa yake yi dan haka awon wurin ba zai zama daidai ba, kuma kana matsawa zai iya ruguje maka a hannu kamar biskit, magani kuma babu. Irin wannan da rula ake auna ta daga gefe ba tare da an taɓa ba, a wurin da bai fashe ba.

In ka gama sai ka rubuta a 'yar takarda, kamfani, lamba, injin da ka kwatanta da shi, awo ukun da amsar, ka ɗaura da zare a gatari ko ka ajiye a ƙarƙashinta. Kar ka manna salatif a jikin fenti, ranar da zaka ɓare da fentin zai taho.